Kwamfutar Tebur Mai Jiki Ɗaya ta Manyan Ayyuka: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Masu tace fim, masu ɗaukar hoto, masu zanen gine-gine da masu aikin ɗab'i su ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. An tattara su ne domin mai shirin saye ya san abin da zai tarar, mai daɗi da marar daɗi.

Wace irin kwamfuta ake magana a kai?

Ita ce wadda allo da injin suke haɗe a jiki ɗaya. Babu akwatin da za ka tura ƙarƙashin tebur, babu tarin wayoyi. Furosesa, RAM, ma'adana, lasifika da kyamara duk suna bayan allon ko cikin gindinsa. Ka jona wayar wuta guda, ka ajiye kibod da linzami, aiki ya kankama. Apple ne ya tallata wannan fasali da iMac tun 1998, sauran kamfanoni suka biyo baya.

Me ya raba ta manyan ayyuka da irin wadda ake gani a banki ko ofishin gwamnati?

A ido kusan ɗaya suke, a ciki ne bambancin yake. Ta ofis an yi ta ne don rubutu, lissafi da intanet. Ta manyan ayyuka kuwa an yi ta ne ta kwana tana renda, wato fitar da kammalallen bidiyo ko zane, ba ta gaza ba.

Abu na farko shi ne furosesa mai ƙwayoyi da yawa, irin su Intel Xeon a da. Na biyu, katin hoto mai zaman kansa, kamar NVIDIA Quadro ko AMD Radeon Pro, wanda ke ɗaukar nauyin zane mai fuska uku da bidiyo. Na uku, wani nau'in RAM da ake kira ECC, mai gano ƙaramin kuskuren da kan faru a cikin bayanai ya gyara shi nan take. Mai buga wasiƙa ba zai taɓa sanin amfaninsa ba, amma injiniyan da ya bar lissafin gada yana gudana tsawon dare ya sani. Sai kuma allon kansa, wanda aka daidaita launinsa tun daga masana'anta.

Akwai abu na biyar da mutane ke mantawa. Kamfanonin manhaja irin su Autodesk da masu SolidWorks sukan gwada wasu na'urori su tabbatar manhajarsu na tafiya a kansu ba tangarɗa. Babban kamfani yana biyan kuɗi mai yawa saboda wannan tabbaci kaɗai. Mai shago ɗaya bai cika buƙatarsa ba.

Waɗanne ne suka yi suna a wannan fage?

Ba su da yawa, kuma kusan duk sun fito ne tsakanin 2012 da 2022.

HP Z1 ce ta buɗe fagen a 2012, da allo mai inci 27 da furosesa Xeon. Har yau a ganina babu wadda ta kai ta tunanin mai gyara. Ka kwantar da allon ya kalli sama, ka ja maɓallai, sai ya ɗaga kamar bonet ɗin mota, har da sandar da ke riƙe shi kada ya faɗo maka a hannu. Ga komai nan a fili: katin hoto, ma'adana, RAM, akwatin wuta, kowanne ana zare shi da hannu ba tare da sukundireba ba. Illarta nauyi, domin ta haura kilo 20.

A watan Oktoba na 2016 Microsoft ya fito da Surface Studio. Allonta inci 28 ne, mai fiksel 4500 a kwance da 3000 a tsaye, ana taɓa shi da yatsa, ana rubutu a kansa da alƙalami. Da yatsa ɗaya za ka tura shi ya kwanta kusan daidai da tebur, ya zama allon zane. Farashinta ya fara daga dala 2,999. A 2017 Dell ya kawo Precision 5720, mai allon 4K da lasifika goma.

Sai iMac Pro a Disambar 2017, wadda ta fi su duka ƙarfi. Xeon mai ƙwaya 8 zuwa 18, RAM na ECC har gigabait 128 (daga baya aka kai shi 256), katin Radeon Pro Vega, da allon 5K mai fiksel miliyan 14.7. Mafi arharta dala 4,999 ce.

To me ya sa yanzu ba a cika ganin sababbinsu ba?

Domin masu yin su sun janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Apple ya daina iMac Pro a Maris na 2021, shekara ɗaya bayan haka ya daina iMac mai inci 27, ya maye gurbinta da abubuwa biyu a rabe: akwatin Mac Studio da allon Studio Display. HP ya ɗauke sunan Z1 ya ba kwamfuta mai akwati. Surface Studio 2+ ta 2022 ita ce ta ƙarshe a danginta.

Dalilin farko zafi ne. Furosesa mai ƙarfi da katin hoto mai ƙarfi wuta suke sha, zafi suke fitarwa, kuma bayan allo wuri ne matsattse. Dole mai ƙira ya zaɓi ɗaya: ko fanka mai ƙara a daidai fuskar mai aiki, ko ya rage wa injin gudu idan ya ɗau zafi, ko ya sa kayan laftof. Galibinsu na ukun suka zaɓa. Surface Studio 2+, duk da farashinta ya haura dala 4,000, furosesar laftof ce mai ƙwaya huɗu a cikinta, wadda ma ta kusa shekara biyu a kasuwa a lokacin.

Dalili na biyu shi ne ya fi muhimmanci ga aljihunka. Allo da inji ba sa tsufa tare. Allo mai kyau zai yi shekara goma yana ba ka launi daidai. Inji kuwa bayan shekara biyar ko shida manhajoji sun yi masa nauyi. Da aka ɗaure su a jiki ɗaya, ranar da injin ya gaza, allon da ya ci kaso mai tsoka na kuɗinka ya bi shi. Haka ma idan allon ya fashe, lafiyayyen inji ya zauna jiran gyara. Ƙwararrun da ke sabunta kayan aiki a kai a kai sun lura da wannan, suka koma wa akwati da allo daban, kamfanoni kuma suka bi inda kuɗi ya nufa.

Ke nan ba ta da amfani?

Tana da shi, ga wanda ta dace da shi. Mai gyaran hotunan biki, mai tsara katin gayyata da kalanda da fasta, mai tsara shafukan littafi, mai haɗa sauti, mai tace bidiyon da bai cika ado da ƙawa ba, duk waɗannan za su ji daɗinta. Ba ta cin wuri, ba ta da hayaniya, kuma idan abokin ciniki ya zauna gefenka yana zaɓar hoto, allon kaɗai yakan sa ya yarda da aikinka.

iMac mai inci 24 ta yanzu ita ce ta fi kusa da cike wannan gurbi. Wadda ta fito a ƙarshen 2024 da guntun M4 ta fara daga dala 1,299 da RAM gigabait 16, ana iya kai shi 32 lokacin saye. Guntun Apple ba ya shan wuta sosai, don haka matsalar zafi ta yi sauƙi. A ɓangaren Windows akwai irin su HP Envy 34 mai faffaɗan allo da katin NVIDIA, da jerin Yoga na Lenovo.

Wanda ba ta dace da shi ba shi ne mai renda na zane mai fuska uku kullum, mai aikin launi a kan ɗanyen bidiyo na manyan kyamarori, da mai horar da ƙirƙirarriyar basira. Wannan ya nemi akwati.

Zan iya ƙara mata RAM ko in canja wani abu daga baya?

Ya danganta da wadda ka saya, kuma wannan tambaya ce da ake yi kafin a biya kuɗi.

iMac mai inci 27 ta 2012 zuwa 2020 tana da 'yar ƙofa a baya. Zare wayar wuta, za ka ga ɗan maɓalli a saman ramin wayar. Danna shi da bakin biro, murfin ya ɓalle. A ciki akwai 'yan sanduna biyu, ka buɗa su gefe ka jawo, sai ramukan RAM huɗu su leƙo. Aikin minti biyar ne, kuma ta 2020 tana ɗaukar har gigabait 128. Abin mamaki, iMac Pro da ta fi tsada ba ta da wannan ƙofa, sai an ɓamɓare allo kafin a kai ga RAM ɗinta. Tun 2012 da gam ake liƙa allon iMac, wanda bai iya ba kuwa yana iya tsaga gilashin ko ya tsinke wayar da ke bayansa.

A iMac masu guntun M1, M3 da M4 babu zancen ƙari ko kaɗan. RAM ɗin a jikin guntun yake. Abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna. Na Windows da yawa suna barin a ƙara RAM da SSD, wato ma'adana mai sauri, ta murfin baya, amma katin hoto da wuya a iya canja shi.

RAM nawa zai ishe ni?

Gigabait 16 shi ne ƙasa. Mai tace bidiyon 4K ko mai buɗe Photoshop da Lightroom da Illustrator lokaci guda ya nemi 32. Idan ba a iya ƙarawa daga baya, ka sayi fiye da buƙatarka ta yau. Ma'adana kuwa kada ka kashe kuɗi a kanta sosai, domin SSD na waje da ake jonawa ta Thunderbolt ko USB-C yana da saurin da za a yi tacewa kai tsaye a kansa, kuma ya fi araha.

Idan injin ya tsufa, zan iya mayar da ita allon wata kwamfutar?

A nan masu iMac da yawa suke cizon yatsa. Wasu iMac na 2009 zuwa tsakiyar 2014 suna da wannan dama. Daga lokacin da allon 5K ya fito a ƙarshen 2014 aka cire ta. Ramukan da ke bayanta hoto suke fitarwa, ba sa karɓa. Ana iya tura hoto daga wata Mac ta AirPlay zuwa wasu sababbin, amma akwai jinkiri kuma hoton yana raguwa, bai dace da aikin launi ba.

Wasu na Windows suna da ramin HDMI mai karɓar hoto. Duba bayan na'urar da idonka. Idan an rubuta alamar shiga a gefen ramin, allon zai ci gaba da yi maka aiki ko bayan injin ya zama tarihi. Wannan ɗan rami ya fi wasu abubuwa da yawa da ake tallatawa daraja.

Mac ko Windows?

Manhajar da kake cin abinci da ita ce za ta yanke hukunci, ba kyan jiki ba.

Revit, SolidWorks, 3ds Max da ArcGIS Pro na Windows ne kaɗai. Final Cut Pro da Logic Pro na Mac ne kaɗai. Premiere Pro, DaVinci Resolve, Photoshop, AutoCAD da Blender suna tafiya a kan duka biyun. CorelDRAW, wadda ita ce gatan shagunan ɗab'i a Kano da Kaduna, ta dawo Mac a 2019, amma kafin ka yi murna tambayi injin buga bana da injin yankan sitika na shagonku. Manhajojin da ke tuƙa su galibi Windows suka sani.

A tsofaffin iMac masu Intel ana iya sa Windows a gefe ta Boot Camp. A masu guntun Apple wannan hanya ta rufe. Saura Parallels, mai gudanar da wani nau'in Windows 11 a cikin macOS. Yana isa ga ƙananan manhajoji, amma ban ba mai zanen gini shawarar ya dogara da shi wajen Revit ba. Haka duk aikin da ke buƙatar CUDA, wato fasahar lissafi da katin hoto, sai katin NVIDIA, kuma babu shi a Mac ta yau.

Yaya take yi da zafi da ƙurar ƙasarmu?

Apple ya rubuta cewa iMac ta yi aiki a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35. Duk wanda ya san Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ya san ana haura 40. Ba wai za ta mutu nan take ba ne. Fanka za ta yi ta kuka, injin ya rage gudu don kare kansa, rendar minti ashirin ta koma arba'in, kayan ciki kuma su tsufa da wuri. Idan babu na'urar sanyaya ɗaki, bar manyan renda zuwa dare ko asuba, kuma kada ka manna bayanta da bango.

Ƙurar hunturu ta fi zafin ɓarna, domin a ɓoye take aikinta. iMac mai inci 27 tana shaƙar iska ta ƙasan allo, ta fitar ta baya. Ƙura na taruwa a fanka da ƙarfen sanyaya furosesa har ta zama kamar auduga. Akwati za ka buɗe ka hure da bulowa cikin minti goma. Wannan kuwa sai an ɓamɓare allo. Wani lokaci ma ƙurar kan kutsa cikin allon kansa, ka ga duhu-duhu a kusurwoyin ƙasa wanda gogewa ba ta cirewa. Rufe ta da ƙyalle idan an kashe, rufe tagogi lokacin hazo, kuma kada a share ɗaki da tsintsiya tana kunne.

Wutar lantarki fa? Za ta yi da inbata ko sola?

Mafi yawansu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka wadda aka kawo daga Amurka za ta yi aiki da wutarmu, bakin fulogi kawai za a canja. Duk da haka karanta rubutun da ke jikinta kafin ka jona.

Abin da za ka riƙe shi ne ba ta da batir. An ɗauke wuta, aikin da ba ka adana ba ya tafi, kuma ɗaukewa da kawowa ba ƙaƙƙautawa yana kashe akwatin wutar da ke cikinta. UPS dole ne. A kula, lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce: mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. iMac Pro tana iya jan kusan wat 370 idan aiki ya yi nauyi, don haka ƙaramin UPS ba zai riƙe ta ba. A nemi UPS ko inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin masu araha kan sa wasu kwamfutoci su mutu daidai lokacin da wuta ta sauya. Kada a jona ta kai tsaye da ƙaramin janareto.

A nan iMac mai inci 24 ta yi zarra. Adaftarta duka wat 143 ce, kuma a aikin yau da kullum ba ta kai haka. Ga mai sola, wannan na nufin awanni da yawa a kan batir ɗaya.

Na ga ta hannu da araha. In saya?

Ana samun masu kyau a Farm Centre a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Legas, amma araha ba ta ado. Kada ka biya sai an kunna a gabanka.

Fara da kulle. Mac mai guntun tsaro na T2, irin iMac Pro da iMac ta 2020, da duk masu guntun Apple, ana iya ɗaure su da asusun iCloud na mai ita na farko. Wasu kuma na kamfanonin waje ne da har yanzu suke ƙarƙashin ikon ofishin da ya saye su. Sa mai shago ya goge ta tas, ya jona ta da intanet, ya bi matakan saiti har ta buɗe. Idan ta nemi asusun wani ko ta nuna sunan wata ma'aikata, mayar masa da kayansa, ko me ya ce maka game da wani yaro da zai cire.

Sai allo. Cika shi da fari, sannan baƙi, sannan ruwan toka. Nemi ɗigon da ya mutu, jan-jan a gefuna, da inuwar hoton da ya wuce. Duba gefen gilashin ko an taɓa ɓamɓare shi an mayar da gam na banza. Saurari fanka. Tambayi irin ma'adanar da ke ciki: idan Fusion Drive ce, wato ɗan SSD haɗe da faifai mai juyawa, sa kuɗin canja ta cikin lissafinka.

Na ƙarshe, shekarunta a wajen manhaja. Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a Mac masu Intel, kuma iMac Pro ma ba ta cikin waɗanda suka samu, ta tsaya a Sequoia. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma HP Z1 da Surface Studio ta farko ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Za su ci gaba da aiki, amma sababbin Adobe da makamantansu za su bar su a baya sannu a hankali.

Allona mai tsada ne, me ya sa launin da nake gani ba shi ke fitowa a takarda ba?

Allo haske yake fitarwa, takarda tawada take sha, kuma akwai launukan da tawadar CMYK ba za ta iya kaiwa ba. Allon iMac yana nuna launuka masu faɗi na P3, ga haske mai ƙarfi, sai hoto ya yi ta walƙiya a gabanka ya fito a dushe a takarda. Rage hasken allon zuwa wajen rabi, yi aiki da bayanin launi na injin da zai buga, kuma ka buga gwaji ɗaya kafin a saki dubu. Mai bidiyon talabijin da YouTube kuma ya tsaya a ma'aunin Rec. 709.

Allo mai taɓawa ya cancanci ƙarin kuɗi?

Ga mai zane da alƙalami, ƙwarai. Ga mai tace bidiyo ko lissafi, shatin yatsu kawai zai bar maka. Babu iMac mai allon taɓawa.

Idan na fasa, me zan saya a madadinta?

Ƙaramin akwati da allo mai kyau. Mac mini ko Mac Studio a ɓangaren Apple, HP Z2 Mini ko ThinkStation ƙanana na Lenovo a ɓangaren Windows. Wasunsu ma ana ɗaure su a bayan allo, tebur ya zauna fes kamar mai jiki ɗaya ce. Bayan shekara biyar ka canja akwatin, allon ya ci gaba.

Idan ta lalace ana tsakiyar aikin mutane fa?

Gaba ɗayanta za a ɗauka zuwa wurin gyara, da allo da inji da fayilolin abokan cinikinka. A Mac masu T2 da masu guntun Apple, bayanan da ke cikin SSD a kulle suke da guntun na'urar, don haka idan babban allon wutar ciki ya ƙone, zare ma'adanar a sa a wata kwamfuta ba zai fito da komai ba. Ajiye aikin da kake kai a SSD na waje, kwafinsa a wani faifai daban, ka bar Time Machine ko makamancinta tana kwafa kullum. Kwalinta na asali da kumfar da ke ciki kuma kada a jefar, domin da shi za ka kai ta wurin mai gyara a bayan mota ko a daidaita sahu ba tare da gilashin ya tsage ba. A tsaye ake ɗaukarta, ba a kife ba.